Tawakkali, Sakaci da Baƙin Man Mota

Garin Ɗanbatta yana kan babbar hanyar da ta taso daga birnin Kano ta bi ta Kazaure da Daura har iyakar Nijar, kuma duk ranar Lahadi, wadda ita ce ranar kasuwar garin, motoci kan yi ta kwararowa daga ƙauyuka ta hanyoyin burji, ɗauke da hatsi da dabbobi da mutane. Mafi yawan motocin nan tsofaffi ne, irin waɗanda suka gama aiki a Turai kafin a shigo da su, suka kuma bi ta hannaye da dama kafin su iso ga mai su na yanzu. Idan ɗaya daga cikinsu ta yi haɗari, abin da ake ji a wurin gaisuwa shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ko kuma ƙaddara ta riga fata, kuma babu Musulmin da zai musa cewa duk abin da ya auku da sanin Allah da nufinsa ya auku. Tambayar da ta rage, wadda ba a cika yin ta a fili ba saboda kunyar masu makoki, ita ce ko wannan magana tana wanke mutumin da ya yi wata guda bai duba baƙin man motarsa ba, ko wanda ya san birkinsa na da rauni amma ya yi lodin fasinja.

Malaman fiƙihu ba sa yanke hukunci a kan abin da ba su san haƙiƙarsa ba, don haka ya kamata a fara da injin kansa. A cikin injin mota akwai ƙarafa da suke gudu a jikin juna sau dubbai a cikin minti guda, kuma abin da ya hana su cin juna shi ne ɗan siririn shafen baƙin mai da famfon injin yake turawa tsakaninsu. Man yana rage gogayya, yana ɗauke zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, yana kuma kwashe dauɗar ƙuna da ɓurɓushin ƙarfe ya kai su matata, wato filta. Da tafiya ta yi tafiya zafi yakan lalata shi, sinadaran da aka zuba masa su ƙare, ya yi kauri ya zama kamar kwalta, ko kuma fetur ya tsarga cikinsa ya tsinke. Shi ya sa ake juye, wato a zubar da tsohon mai a zuba sabo tare da canza filta, a kan ƙa'idar da kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta, wadda ga man da aka fi amfani da shi a tsofaffin motoci ba ta cika wuce kilomita 5,000 ba. Lambobin da ake gani a jikin galan, kamar 20W-50, bayanin kaurin man ne: ta farko tana nuna yadda yake gudana a cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan injin ya ɗauki zafi, kuma ba kowane inji ne yake karɓar kowane kauri ba.

Yanayin ƙasar Kano ta arewa yana ƙara wa wannan ƙa'ida tsanani, domin ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, abin da ya kuɓuce mata kuma ya shiga cikin mai ya riƙa goge ƙarfe, zafin bazara yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, ga kuma lodin da ya wuce ƙima a ranar kasuwa. Duba man kuwa ba ya cin kuɗi: a ajiye mota a wuri mai daidai, a kashe ta ta ɗan huta, a zaro gejin a goge a mayar a sake zarowa, a ga ko man yana tsakanin alamomi biyun da ke jikinsa. Idan launinsa ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa. Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, ƙarfin turo man ne ya faɗi, kuma 'yan mintoci kaɗan sun isa injin ya buga. Haka ake duba ruwan lagireto da man birki da iskar taya da fitilu, duka a ƙasa da lokacin da ake ɗauka ana jiran mota ta cika a tasha.

Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure yana iya kawo hujja mai nauyi a nan. A littattafan Shehu Sanusi, malamin Tilmisan da ya rasu a 1490, waɗanda aka daɗe ana karantawa a ƙasar Hausa, an koyar da cewa sababi ba shi da tasiri da kansa: wuta ba ta ƙonawa da ikonta, abinci ba ya ƙosarwa da ikonsa, Allah ne yake halittar ƙuna da ƙoshi a lokacin da sababin ya samu. Sai mai sakaci ya ce, tunda mai ba shi ne yake kare inji ba, me ya sa za a damu da shi? Amsar tana cikin koyarwar kanta, domin malaman sun kira wannan dangantaka hukuncin al'ada, wato tsarin da Allah ya gudanar da halittarsa a kai, wanda ake gane shi ta hanyar maimaituwa. Allah yana da ikon ya saɓa wa al'adar, kamar yadda ya yi wa Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a cikin wuta, amma ba a ba bawa izinin ya gina lissafinsa a kan saɓawar ba. Wanda ya tuƙa inji babu mai yana jiran ya tsira, mu'ujiza yake nema ba tare da an yi masa alkawarinta ba, kuma wannan rashin ladabi ne ga Ubangijin da ya shimfiɗa tsarin.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi rabe-raben da ke da amfani ƙwarai a babin tawakkali na littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ya kasa sabubba gida uku: waɗanda ake da yaƙini a kansu, waɗanda ake kyautata zato a kansu, da waɗanda wahami ne kawai, wato zato mai rauni da ba shi da madogara. Barin na farko, a wurinsa, ba tawakkali ba ne ko kaɗan, kuma idan barin zai kai ga halaka haramun ne. Kasancewar mai a cikin inji da man birki a ma'ajiyarsa suna cikin kashi na farko ba tare da wata tantama ba. Juye a kan lokaci da canza tayar da ta tsufa suna tsakanin na farko da na biyu. Abin baƙin ciki shi ne sau da yawa ana juya ma'aunin, a ga mota an rataye mata laya a madubi ko an ƙunsa wani abu a ƙarƙashin kujera, alhali gejin mai ya bushe. Addu'ar hawa abin hawa kuwa ba ta cikin wannan zargi, domin ibada ce da aka koyar, sai dai ba a koyar da ita don ta maye gurbin duba birki ba. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umarce shi da ya ɗaure sannan ya dogara. Sayyidina Umar ma ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma nuna wa sahabi Abu Ubaida cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce.

Duk wannan yana magana ne a kan mutum da Ubangijinsa, amma mota ta bambanta da raƙumar da ke cikin hadisin ta fuska guda mai girma: wanda ya saki raƙumarsa dukiyarsa ya yi kasada da ita, shi kuwa direban da ya tashi daga tashar Ɗanbatta zuwa Kano rayukan mutane ne a hannunsa, waɗanda babu ɗayansu da ya ga gejin mai ko ya taka birkin kafin ya biya kuɗin mota. Ko da za a yarda cewa wani waliyyi yana iya shiga daji babu guzuri saboda ƙarfin yaƙininsa, ba wanda ya ce yana da haƙƙin ya ɗauki matan wasu da 'ya'yansu ya shiga da su. Fiƙihun Malikiyya ya san wannan tun kafin a ƙera mota, domin a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, an ɗora lamuni, wato biyan abin da aka ɓata, a kan mai koran dabba da mai janta da mahayinta game da abin da ta taka. A zamanin nan, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta zartar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba yana ɗaukar nauyin cutar da ya jawo sai idan abin ya zo ta hanyar da ba zai iya karewa ba. Kisan kuskure kuwa yana da diyya da kaffara kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, wanda ke nuna cewa shari'ar da ta wajabta imani da ƙaddara ita ce kuma ta ƙi karɓar ƙaddara a matsayin hujjar kuɓuta daga haƙƙin mamaci.

Akwai uzurin da bai kamata a raina ba, shi ne talauci. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mai da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, direban haya kuwa yana da balas, wato kuɗin da ya wajaba ya kai wa mai mota, kafin ya yi maganar cefanen gidansa. Irin wannan mutum ba taurin kai ne yake sa shi jinkirta juye ba, kuma duk wanda ya yi masa wa'azi bai san farashin galan ba ya zalunce shi. Sai dai uzuri yana da iyaka. Fenti da kujera da gilashin da ya tsage suna iya jira. Jinkirta juye kaɗan ɓarna ce ga dukiya, ko da yake ɓarna ce mai tsada, tunda kuɗin sabon inji a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya ninka kuɗin juye sau da yawa. Amma birki da taya da sitiyari ba sa cikin abin da talauci yake halatta wa mutum ya yi caca da shi. Shi kansa baƙin mai yakan tsallaka daga babin dukiya zuwa babin rai, domin injin da ya mutu ana cikin gudu yakan sa sitiyari ya yi nauyi birki ya yi tauri, motar da ta tsaya a kan kwalta da dare babu fitila kuwa tarko ce ga wadda ke biye.

Nauyin kuma ba a kan direba kaɗai yake ba. A fiƙihu direban da aka ba mota amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, saboda haka idan ya sanar da mai mota cewa birki ya mutu, shi kuwa ya ce a lallaɓa sai an dawo daga kasuwa, mai motar ya shiga cikin laifin ko da yana zaune a gidansa, direban ma bai fita ba tunda ya sani kuma ya tuƙa. Bakaniken da ya karɓi kuɗin sabuwar filta ya wanke tsohuwa ya mayar, da ɗan kasuwar da ya tace tsohon mai ya ɗura a galan mai tambari, sun yi algus a wurin da mai saye ba shi da hanyar ganewa, kuma cutarsu tana iya faɗawa kan mutanen da ba su taɓa gani ba. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba ta da jami'an da za su buɗe kowane inji a kowace tasha, amma shugabannin ƙungiyar direbobi da 'yan kamasho suna nan kullum da safe, sun san kowace mota da ciwonta, kuma su ne suke da ikon hana ta shiga layin lodi har sai an gyara.