Ƙaddara Ce Ko Jinkirinmu? Tambayar Wata Uwa Kan Ciwon Dajin Yara

  Yau da wata tambaya na zo miki, wadda aka yi mini a gidan makoki, kuma har yanzu ba ta bar ni na huta ba.

Yaron maƙwabciyarmu ne, ɗan shekara shida, mai ƙiriniya da yawan surutu. Wata safiya ya tashi kumatunsa na dama ya ɗan tasa. Aka ce hangum ne, zai saɓe da kansa. Bayan mako guda haƙoransa suka fara girgiɗi, aka je kemis aka sayo maganin ciwon haƙori. Da kumburin ya ci gaba, sai wata dattijuwa ta duba ta ce ai wannan daji ne, daji kuwa ba ya son allura, kada a kuskura a kai shi asibiti. Aka shiga jiƙe-jiƙe da hayaƙi, wanzami ya zo ya yi tsaga. Daga nan aka fara raɗe-raɗin cewa da sa hannun abokiyar zama. Sai da aka doshi wata biyu, numfashi ya fara yi masa wuya, sannan aka ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa. Kwanansa tara a can Allah Ya karɓi abinsa.

Duk wadda ta shigo gaisuwa magana ɗaya take yi: "Sai haƙuri, kwana ne ya ƙare." Gaskiya kuwa suka faɗa. Amma a rana ta uku uwar ta ja hannuna zuwa uwar ɗaka, ta ce: "Yaya, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Da mun kai shi da wuri, da yana nan?"

To 'yar'uwa, ke da me za ki amsa mata? In kin ce a'a, kin faɗi abin da ba ki da ilimi a kai, kuma gobe wata uwar za ta zauna da nata ɗan a ɗaki tana jiran ikon Allah. In kin ce e, kin ɗora wa mai jimami dutsen da ba za ta iya ɗauka ba, kin kuma yi shisshigi cikin abin da Allah kaɗai Ya sani. Shiru na yi a ranar, na rungume ta muka yi ta kuka. Amsar da na kasa ba ta ce nake so mu nema tare.

Abin da ya kamata kowace uwa ta sani

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ciwon daji, ko kansa, ko sankara, na manya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara yara da matasa kimanin 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, ke kamuwa da shi. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa. A yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai 30 cikin 100 ba. Ciwon iri ɗaya ne, Ubangiji ɗaya ne. Bambancin ya taso ne daga makara wajen zuwa asibiti, da rashin gano ciwon daidai, da tsadar magani, da kuma yanke magani a tsakiya. Wannan ya sa a shekarar 2018 hukumar ta ƙaddamar da wani shiri da nufin a kai aƙalla 60 cikin 100 na masu warkewa a duniya kafin 2030.

Irin wanda ya kama yaron maƙwabciyata sananne ne a Afirka. Wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya fara bayyana shi a 1958 a ƙasar Yuganda, shi ya sa za ki ji likitoci na cewa "Bakit". Ya fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yakan fito a muƙamuƙi ko a ciki, kuma yana cikin mafi saurin girma, har yakan ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da zai ba ki mamaki, yana kuma cikin waɗanda suka fi jin magani. Allurar nan da aka ce ba ya so, ita ce ke narkar da shi.

Akwai na ido, wanda ya fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar. Alamarsa wani fari-fari ne a tsakiyar ƙwayar ido, yana ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, ko ki ga ido ya karkace. Mu kan ce hakiya ce, mu yi ta ɗiga nono ko kwalli. Akwai na ƙoda, wanda sau da yawa uwa ce ke fara jin ƙullutu mai tauri a gefen ciki lokacin wanka, sai a ce saifa ce. Akwai sankarar jini: yaro ya ɗashe, zazzaɓi ya ƙi jin magani, dasashi ko hanci na zubar da jini, ƙasusuwa na ciwo, yana yawan buƙatar ƙarin jini alhali ba sikila ba ne. Haka nan ciwon kai mai naci tare da amai da sassafe, ko kaluluwar da ta yi makonni ba ta saɓe ba.

Ba duk mai waɗannan alamu ne ke da daji ba, yawanci ma wani abu ne mai sauƙi. Amma likita ne kaɗai zai bambance, ta hanyar gwajin jini da hoto da ɗibar 'yar tsoka a auna. In ƙaramin asibiti an yi magani sau ɗaya, sau biyu, ba sauƙi, ki nemi takardar turawa zuwa babba, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Sakkwato, ko na Maiduguri. In matsalar ido ce, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Ina ne muhallin ƙaddara?

Mu koma ga tambayarmu. Ba mai musun cewa ajali rubutacce ne, ba ya gaba ba ya baya. Sai dai an ɓoye mana rubutun, kuma an umarce mu da aiki. Ranar da kumatun yaron nan ya fara tasawa, babu mahaluƙin da ya san abin da aka rubuta masa. Abin da ke hannun iyayensa a ranar shi ne umarnin Manzon Allah (SAW) na a nemi magani, tare da albishirinsa cewa kowace cuta an saukar mata da maganinta.

Ki tuna labarin Sayyidina Umar (RA) lokacin da ya nufi Sham, aka tare shi a hanya da labarin annoba ta ɓarke. Bayan shawara ya yanke a juya. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah za a yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san inda zai nufa. To haka ɗaukar yaro zuwa asibiti yake. Wadda ta goya ɗanta ta shiga mota da asuba ba ta fita daga tawakkali ba, ta ɗaure raƙuminta ne kamar yadda aka koya mana.

Malamai suna da wata ƙa'ida mai kyau: ana fakewa da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta auku, ba a fakewa da ita a kan aikin da aka ɗora wa mutum. Ke nan kalmar "ƙaddara ce" tana da lokacinta. Bayan an dawo daga maƙabarta, sanyi ce ga zuciya, shi ya sa ma aka hana mu yawan "da na sani", don ƙofa ce ta Shaiɗan. Amma a faɗe ta yaro na kwance yana numfashi, ana da halin motsawa ba a motsa ba, wannan an ɗauko maganin gobe ne an sha yau. Mu mata mun iya wannan bambancin a sauran al'amura. Ba wadda ke barin tukunya a wuta ta tafi barka ta ce in an ƙaddara tuwo zai ƙone.

Addu'a da tofi da ruƙiyya ta shari'a kuwa ba su taɓa yin faɗa da asibiti ba. Ki yi su a gefen gadon, ruwan magani na shiga hannunsa.

Laifin wa?

A nan sai mu yi adalci. Maƙwabciyata ba sakarya ba ce, ba ta yi barci ba tsawon wata biyun nan. Ta bi maganar manya, ba ta da kuɗin mota, kuma ba za ta fita ba sai da izini. In akwai jinkiri, na gida ne gaba ɗaya, har da mu maƙwabta da muka leƙa muka ce "Allah Ya sawwaƙe" muka koma ɗakunanmu. Ni kaina na ga kumburin nan tun makon farko. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci.

Sannan zargi. Likitoci sun tabbatar cewa mafi yawan dajin yara ba a san takamaiman sababinsa ba. Ba abin da uwa ta ci ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. Amma mu sai mun nemo mai laifi: kishiya, ko tsohuwar da ke ƙarshen layi, ko kambun baka. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu yana jariri, rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Da hawaye a idonsa, bai bari ƙaryar sababi ta zauna ba, ya gyara musu. Mu kuwa a gidan da nake ba ki labari an rasa yaro, an kuma rasa zumunci, domin har yau matan nan biyu ba sa ga-maciji, a kan zaton da ba shi da tushe.

Bayan an isa asibiti

Kada ki ɗauka da an isa an gama. Maganin kemo yana da wahala: gashi ya zube, amai, kasala, bakin yaro ya yi gyambo. Na sankarar jini yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Na ido wani lokaci sai an cire idon don a tsirar da rai. A nan ne iyaye da yawa ke guduwa, wasu don kumburi ya saɓe sun zaci an warke, wasu don aljihu ya ƙare. Ciwon kuma in ya dawo ya fi na farko taurin kai. Gashi zai sake tsirowa, 'yar'uwa, kuma yaro mai ido ɗaya yana haddace Alƙur'ani, ya yi boko, ya yi aure.

Shi ma yaron mutum ne, yana ji yana gani. Ya bar makaranta, abokan wasa sun guje shi, ana raɗa in ya wuce. Kada a ce masa allura ba zafi alhali da zafi, don gobe ba zai ƙara yarda da ke ba. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a tabbatar masa ba don ya yi rashin ji ba ne. Ki bar 'ya'yanki su je su yi wasa da shi matuƙar ba su da mura ko zazzaɓi, domin shi ne jikinsa ba ƙarfi, su ba abin da zai same su. A kuma tuna da 'yan'uwansa da aka bari a gida, uwa na jinya wata da watanni.

Ga inda namu aikin yake. Muna iya tara kuɗin anko da gudummawar biki cikin mako guda. Me zai hana kowace Islamiyya da kowane reshe na ƙungiya su ware asusun jinya, ko a sa kwasa ɗaya ta adashi domin wannan? Wata ta ɗauki girkin gidan, wata ta kwana a asibiti uwar ta runtsa, mazajenmu su ba da jini, masu hali a tuna musu da zakka. Wadda maigidanta ke jan ƙafa, a samu babba ko malamin da yake jin nauyi ya yi masa magana cikin hikima. Ranar 15 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da yara masu wannan ciwo a duniya, sai mu gayyato likita ko ma'aikaciyar jinya ta yi mana bayani a makarantunmu.

Da yau maƙwabciyata za ta sake tambayata, ga abin da zan ce: "Ƙanwata, kwanansa Allah kaɗai Ya san adadinsu, akwai ma waɗanda aka kai da wuri ba su tashi ba. Kin yi iyakar abin da kika sani, Allah ba Ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ɗanki ya riga ki zuwa inda ya fi nan. Amma yanzu ni da ke mun sani. Yaro na gaba da za mu gani da irin wannan kumburi a unguwar nan, ba zai kwana uku a gida ba."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin Musulunci, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.