Ƙofar Gidan Giya da Ƙofar Masujada

A birnin Landan da wuya ka sami unguwar da ba ta da gidan shan giya. Akwai wani a titin Fleet, sunansa Ye Olde Cheshire Cheese, wanda aka sake ginawa a 1667 bayan babbar gobarar 1666, har yau kuwa yana nan. Wanda ya shiga irin wannan gida sai ya tarar da ɗumi da haske da mutane suna ta hira. Giyarsu ta sha'ir ce, tana cikin ganga a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da famfon hannu ake jawo ta. Abinci kuwa naman sa ne da ƙoda, a rufe cikin kwaɓin alkama, a gasa, a kawo da zafinsa.

Abincin ba shi da laifi. Amma ku ji abin da giya ta yi wa talakawan Ingila. A 1830 aka yi doka, mai gidan da ya biya fam biyu da sule biyu yana iya sayar da giya a gidansa. Waɗansu masu ba da aiki kuma a gidan giya suke biyan lebura ran Asabar, har sai da aka hana da doka a 1883. Sau da yawa kuɗin mako ya ƙare tun mutum bai kai gida ba, mata da 'ya'ya su kwana da yunwa. Ba a banza Manzo Bulus ya gargaɗe mu a kan maye ba cikin Afisawa 5:18.

To, ina abin da ya ja su can? Ɗakunansu ƙunci ne da sanyi da duhu. A gidan giya kuwa akwai wuta da kujera, mai gida ya san sunan kowa, ba mai duban tsummansu.

A 1865 wani mai wa'azi, William Booth, ya tsaya ƙofar wani gidan giya a unguwar Whitechapel mai suna Blind Beggar, wato Makaho Mai Bara, ya yi shelar bishara. Daga nan aikinsa ya yaɗu, har a 1878 ya zama Salvation Army, wato Rundunar Ceto. Bai tsaya ga tsawatarwa kaɗai ba. Shi da mutanensa suka buɗe wuraren abinci mai araha da wuraren kwana, gama ciki da yunwa ba ya jin wa'azi. Haka Yaƙub ya koya mana cikin sura 2, aya 15 da 16.

'Yan'uwa, hana shan giya daidai ne, amma bai isa ba. Idan mashayi ya tuba ya zo masujada ran Lahadi, wa zai matsa masa wurin zama? Wa zai tambayi sunansa, ya kai shi gida su ci tuwo tare? In muka bar shi shi kaɗai, tsofaffin abokansa suna nan suna jiransa. Ku tuna, Farisawa sun yi wa Ubangijinmu Yesu gunaguni domin yana cin abinci tare da masu zunubi (Luka 15:2).

Kada mai sayar da giya ya fi mu iya marabtar baƙo. Allah ya taimake mu. Amin.