Hakkin Ɓera a Kan Mai Bincike

A cikin ƙwaƙwalwa, jijiyoyi suna aika wa juna saƙo ta wurin waɗansu sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne dofamin, wanda yake da hannu cikin motsin jiki da kuma marmari. Idan ƙwayoyin da suke yin sa suka mutu, mutum yakan kamu da ciwon Parkinson, hannuwa su yi ta rawa, tafiya ta yi wuya.

A dā, mai bincike yakan tsotso ɗan ruwa daga ƙwaƙwalwar ɓera, ya jira kamar minti 10 kafin ya sami awo ɗaya. Daga baya Mark Wightman da abokan aikinsa a Amurka suka inganta wata dabara: ana soka zaren kabon, wanda ya fi gashin kai siranta, cikin ƙwaƙwalwa, yana awo sau 10 cikin daƙiƙa ɗaya. A shekara ta 2018 kuma, masana a Kalifoniya da Beijin suka ƙera furotin mai ƙara haske duk sa'ad da dofamin ya taɓa shi. Yanzu ɓera yana neman abinci, mai bincike yana kallon marmarinsa yana tashi yana sauka.

Amma wa ya biya kuɗin wannan sani? Ɓeran ne. Ana sa shi barci, a huda ƙoƙon kansa, a manna masa na'ura. Yawanci a ƙarshe akan kashe shi domin a duba ƙwaƙwalwar.

Wani zai ce, ai ɓera ne kawai, ɓarawon rumbu. To, da ƙwaƙwalwarsa ba ta yi kama da ta mutum ba, da awon bai amfani kowa ba. Kamannin da ya sa aka zaɓe shi, shi ne shaidar cewa yana jin zafi da tsoro. Ba daidai ba ne a karɓi kamannin wajen neman magani, a musunta shi wajen jinƙai.

A 1959, Russell da Burch na Ingila suka kafa ƙa'idodi 3: a maye gurbin dabba idan akwai wata hanya, a rage yawansu, a sauƙaƙe musu wahala. Mahalicci ya ba ɗan Adam mulki bisa dabbobi, amma mulkin nan amana ne. Mai riƙon amana kuwa zai ba da lissafi, har da na ɓera.