Haƙƙin Wanda Ba Mu San Sunansa Ba

A gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu, nan Kaduna, na taɓa tsayawa gaban wani kan mutum na gasasshen yumɓu, mai idanu masu kusurwa uku. Wani dattijo da ke gefena ya ce, "Ɗana, me za ka tsinta a gunkin mutanen jahiliyya?" Na yi shiru don ganin girmansa, amma tambayar ta bi ni har gida. Shin akwai haƙƙin wanda ya rasu fiye da shekara 2,000, ba mu san sunansa ko harshensa ba, a wuyanmu?

Masu haƙar kuza ne suka fara tono irin waɗannan siffofi a ƙauyen Nok cikin 1928. Wajen 1943 aka tono wani kan a yankin Jama'a, wani ma'aikaci ya kafa shi gadin gonar doya, kafin ya isa hannun Bature Bernard Fagg. Ban ga laifin ma'aikacin ba, don bai san abin da ke hannunsa ba. Wanda nake tuhuma shi ne wanda ya sani, ya bi dare ya tone kufai, ya sayar wa dillalan ƙetare. Siffa ɗaya yake ɗauka, amma yakan watsar da gawayi da tsingaron da ke kewaye da ita, alhali da su masana ke gane zamanin abu da yadda masu shi suka rayu. Shi ya sami kuɗin cefane, mu mun rasa labarin al'umma guda.

Dattijon yana da hujja, domin ba a bauta wa abin da hannu ya ƙera. Sai dai adanawa daban, bauta daban. Mutanen nan sun noma gero, sun narka tama sun fitar da ƙarfe, a ƙasar da muke takawa yau. Wanda ya ci moriyar gona bai kamata ya shafe sawun wanda ya fara share ta ba.

A zauren malam aka koya mini cewa tsintuwa amana ce, sai an yi cigiya. Mai wannan kaya ba zai dawo ba, amma magadansa suna tafe: yaran da za su tambaye mu su wa suka riga mu zama a nan. A ganina gidan tarihi doguwar cigiya ce, kuma wajibinmu shi ne mu riƙe kayan lafiya har masu tambayar su iso.