Kayan Rabon Biki: Ku Leƙa Rumbunku Kafin Ku Nufi Birni

Ya ku 'ya'yana na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, musamman ku da aka sa wa rana, da ku iyaye mata da nauyin biki ya hau kanku, ku ba ni aron hankalinku. Maganar da zan yi ƙarama ce a ido, amma ta sha hana magidanta barci. Maganar kayan rabo ce, ɗan abin nan da ake miƙa wa wanda ya zo taya murna ya koma da shi gida.

Ba zan ce ku daina rabo ba. Bahaushe ba ya son sallamar baƙonsa hannu rabbana, kuma wannan hali ne mai kyau da muka gada. A wurin ɗaurin aure ana raba goro da alawa da dabino. Idan aka kai gara gidan ango, dangin miji kan ɗebi alkaki da nakiya da dubulan su aika wa maƙwabta da 'yan uwa, kowa ya ɗanɗana ya sa albarka. Wannan shi ne asalin abin. Daga baya ne aka shigo da bokitai da robobi da kofuna da jakunkuna da kalanda da littattafan rubutu, kowanne an manna masa sitika mai hoton amarya da ango. Sannu a hankali abin ya zama gasa. Wance ta raba bokiti a bikin 'yarta, to ni sai na raba baho. Daga nan sai a ci bashi, ko a kwashe kuɗin adashi tun kafin zagayen ya zo, ko maigida ya fitar da buhunan masara a lokacin da kowa ke fitarwa, farashi yana ƙasa, ya dawo yana sayen kwano-kwano a tsakiyar damina.

Ku yi lissafin hanyar kaɗai. Mace ta taso daga Riruwai ko Daɗin Kowa, ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta fito Kwanar Ɗangora, sannan ta kama titin Kano har kasuwar Sabon Gari ko Singa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Ta biya nata, ta biya na 'yar rakiya, ta biya na kaya, ta biya mai buga sitika, wani lokaci ma sai ta sake komawa domin aikin bai kammala ba. Duk wannan kafin a ɗora tukunyar abincin biki. Kuma ina kayan suke ƙarewa? Robar da aka sayo mai araha ce, rana biyu ta sha zafi ta tsage. Kalanda kuwa, ku je teburin mai shayi ko wurin mai ƙosai bayan wata uku, za ku tarar da fuskar amarya an naɗe ƙosai da ita, mai ya jiƙa ta, daga nan sai kwata. Ni dai raina ba ya so, kuma na san babu uban da zai so ya ga hoton 'yarsa a haka. Wanda ya fi wannan muni shi ne a buga aya ko sunan Allah a jikin leda da takardar da ƙarshenta bola ne. Wannan ku kiyaye shi ƙwarai.

Tsadar aure ba ƙaramin al'amari ba ce a jiharmu. Ita ce ta sa gwamnatin Kano, ta hannun Hukumar Hisbah, ta aurar da ma'aurata 1,800 a watan Oktoba na 2023, domin akwai masu son juna da yawa da rashin hali ya tsayar. Idan har gado da katifa suna gagarar mutane, bai kamata mu ƙara wa kanmu wani nauyin da babu wanda ya ɗora mana ba.

Ku dubi yadda aka yi walimar Nana Safiyya, Allah Ya ƙara mata yarda, a kan hanyar dawowa daga Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira. Babu nama, babu gurasa. An shimfiɗa fatu, sahabbai suka kawo abin da ke cikin guzurinsu, dabino da cuku da man shanu, aka cuɗa aka ci. Walimar fiyayyen halitta ke nan, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da abin da ke hannu aka yi ta.

To mu me ke hannunmu? Allah bai rage mu da komai ba a wannan yanki. Tudun Wada ta yi suna da shinkafa, mata da yawa a can sana'arsu ke nan, turara ta da shanya ta. Doguwa ƙasar masara ce. Ana noma gyaɗa da riɗi da waken suya da barkono a gonakinmu, ga rake a fadamu. Madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda ake samun alkama. Ga Fulani maƙwabtanmu da madara da man shanu. Kusan duk abin da ake buƙata don haɗa kayan rabo na mutunci yana cikin rumbu ko a kasuwar ƙauye mafi kusa.

'Yata, fara da nakiya, domin ita ce uwar kayan biki, kuma ita ta fi jure ajiya. Ba sai kin sayi shinkafa mai tsada ba, ko karyayyar da ake warewa wajen casa ta wadatar, tunda niƙa za a yi. Ki tsince ta, ki rege tsakuwa, ki wanke, ki shanya ta bushe sarai. Ki soya ta a busasshiyar tukunya, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa har ta yi ja-ja ƙamshi ya tashi, kada ki bari ta ƙone domin ɗacin ba ya fita. A kai niƙa tare da citta da kanumfari da masoro, a tankaɗe. Sai ki dafa sukari ko mazarƙwaila da ruwa kaɗan, ki matsa lemon tsami a ciki, ki bar shi ya yi kauri har in kin ɗiga tsakanin yatsu biyu ya yi danƙo. In akwai zuma, ki ƙara. Daga nan sai turmi: gari, ruwan sukari, soyayyen man shanu, a yi ta kirɓawa har ta haɗe ta yi sheƙi. A nan ne ake gane gwana. Wadda ta yi gaggawa nakiyarta za ta riƙa wargajewa a hannu, wadda ta daure wa taɓarya kuwa tata za ta mulmulu sumul. In an yi ta da kyau, ruwa bai taɓa ta ba, takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa iyayenmu suke fara ta tun biki da saura.

Kantu ya fi sauƙi, kuma yara da manya duk suna son sa. Riɗi yana da yashi, don haka a rege shi da kyau, a surfa a wanke don ɗacin ya fita, a shanya. A soya har ya fara tsalle a kasko. A narka sukari shi kaɗai har ya zama ruwan zuma, a juye riɗin, a gauraya da sauri, a zuba a faranti da aka shafa wa mai, a murje da kwalba, a yanka tun da ɗuminsa. In ya huce ba ya yankuwa, sai dai ya farfashe. Haka ake yi da gyaɗa. Amma a kan gyaɗa ina da gargaɗi: duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta yanƙwane, ko ta canza launi, a tsince a zubar. Irin wannan gyaɗar tana ɗauke da guba mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Kada tsimi ya sa ki ba baƙinki abin da zai cutar da su.

Alkaki yana cin lokaci da mai, sai a yi shi daidai ƙarfi. Gullisuwa da tuwon madara suna da daɗi amma ba sa jimawa kamar nakiya, a bar su sai biki ya rage kwana biyu ko uku. Wadda kuma take ganin sukari ya yi mata tsada, ta daka yaji. Barkono da citta da daddawa da kanumfari da ɗan gishiri, a ƙulla a ƙananan leda ko a zuba a 'yan kwalabe da aka wanke aka busar. Babu matar da za ta raina yaji mai kyau, domin gobe da safe zai shiga kwanon maigidanta. Haka kuka ko busasshiyar kuɓewa da aka daka aka tankaɗe da tsabta.

Ba lallai sai abin ci ba. A garuruwanmu akwai tsofaffin mata masu ɗinkin faifai da maza masu saƙar mafici da kaba. Ku ba su aiki tun da wuri. Kuɗin da za ku kai wa ɗan kasuwar birni ya tsaya a hannun gwaggo ko kawu na unguwarku, kuma faifai yana shekaru a ɗakin mace yana rufe ƙwarya. Wadda ta iya haɗa turaren wuta ta haɗa ta ƙulla kaɗan-kaɗan don ƙawaye da manyan mata. Wadda ke da keken ɗinki ta nemi ƙyallayen atamfa wurin tela ta ɗinka 'yan jakunkuna da zare a baki, a zuba kantun a ciki. In ana son suna, ƙaramar takarda mai sunan amarya da ango da ranar biki ta isa.

Kada ku ɗauka ina cewa kayan gida kyauta ne. Sukari kuɗi ne, mai kuɗi ne, itace da niƙa da leda duk kuɗi ne, ga gajiya. In ba a yi lissafi ba, sai na gida ya zarce na kasuwa. Don haka ku zauna da takarda tun farko. Baƙi nawa ake sa rai? In mata 200 ne, kowace za a ba ta yanka 5, to yanka 1,000 ake nema, a ƙara kaɗan saboda waɗanda ba a zata ba. A gwada da kwano ɗaya tukuna a ga yanka nawa ya bayar, sannan a san kwano nawa za a saya. Abu ɗaya ko biyu da aka yi da kyau sun fi tarkace biyar. Riɗi da gyaɗa da shinkafa a ware su tun kaka. Kuma ku tuna yawancin bukukuwanmu suna taruwa ne bayan girbi da kuma gab da azumi, lokacin da kowa ke neman sukari da mai, wanda ya saya da wuri ya huta.

Ɗana, kai ango, da kai uban amarya, kada ku ce wannan harkar mata ce ku koma gindin bishiya. Itace naku ne, kai niƙa naku ne, sayen sukari naku ne. Mafi girma kuma, ku ne za ku tsaya ku ce an yi iya hali, in wata ta zo da maganar wai za a yi wa gidan dariya. Sau da yawa uwar amarya ba son bashin take yi ba, tsoron bakin mutane ne, tana buƙatar wanda zai tsaya mata. Aikin kuma a yi shi da gayya, yadda muke yi a gona. Ƙawayen amarya da ƙannen uwa da matan maƙwabta su taru yini ɗaya, wasu na suya, wasu na daka, wasu na ƙulli. Yau an yi wa wance, gobe a yi wa wance. Zumuncin da ake ƙullawa a bakin turmin nan ba a sayen sa a kanti.

Tsabta kuwa ba abin sassauci ba ce. A wanke hannu da sabulu, a ɗaure kai, mai mura ko tari ta koma gefe ta huta. A yi aiki da ruwa mai kyau, a rufe kaya saboda ƙuda da ƙura. Kada a ƙulla abu da zafinsa, domin gumin da zai yi a leda shi ke kawo fumfuna. In bikin damina ne, a ajiye kantu a mazubi mai murfi, in ba haka ba sanyi zai sa ya yi laushi ya manne.

Sai ranar rabo, wadda a nan ne ake yawan ɓata abin da aka gyara. An sha ganin an ware babbar jaka don matar mai kuɗi, an miƙa wa matar talaka ƙaramin ƙulli a gaban jama'a, ko a ce mata ya ƙare alhali ta ga inda aka ɓoye. Wadda ta taso daga ƙauye a ƙafa ko a bayan babur, ta bar aikinta ta zo, ta koma da wannan a zuciyarta, me aka yi ke nan? Ku sa ƙullin ya zama iri ɗaya. Ku damƙa rabon a hannun dattijuwa ɗaya mai amana da 'yan mata biyu, a bi mutane a zaune a ba su, kada a tsaya a ƙofa ana wawaso ana ture yara. Wadda ta kawo gudummawa mai yawa, a bi ta gida daga baya a yi mata godiya ta musamman, wannan tsakaninku ne. Sannan a ware na tsohuwar da ƙafa ta hana ta zuwa, da na mai jego, da na mai takaba, a ba yaro ya kai musu har ɗaki.

Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni da malaman Islamiyya na matan aure, daga Tiga har Riruwai, su riƙa faɗin wannan a wurin ɗaurin aure da a makarantu, domin gida ɗaya ba ya iya karya gasa shi kaɗai. Ku kuma 'ya'yana da bikinku ke tafe, tun kakar bana ku ware kwanon riɗinku da na shinkafarku, ku sa ranar gayya, ku je ku gaida tsohuwar da ta iya nakiya a unguwarku ta koya muku. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, Ya raba ku da bashi.