Makullin Shagon Kawu

Shekara ashirin da 'yan kai Kawuna ya yi yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma a iya sanina makullin shagonsa bai taɓa kwana a aljihun wani ba. Shi ke buɗewa da hantsi, shi ke rufewa gab da magariba. Yana da yara uku, amma aikinsu sauke dila, miƙo turmi, da raka mai saye bakin titi da kayansa. Farashi a bakin Kawu yake, bashi a kansa. In ya fita sallar Azahar mai saye ya zo, sai a ba shi benci a ce maigida na tafe. Sau biyu ya tara kuɗin kujerar Makka, sau biyu ya fasa, don ya rasa wanda zai bar wa shago wata guda. In an yi masa magana sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, mutanen yanzu ba amana."

Ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, harshensa ya yi nauyi, shagon ma ya kwanta tare da shi. 'Yan sari daga Maraɗi da Yola da suke ɗaukar kaya sai sun sayar su kawo kuɗi, babu wanda ya san nawa ake bin kowannensu. Wasu sun zo da ƙafarsu sun biya, Allah Ya saka musu. Wasu shiru har yau. Masu binsa kuwa sun zo, kowa da adadin da ya faɗa, ba mu da takardar da za mu gaskata ko mu musanta. Da ya rasu aka zauna rabon gado, na ga marayu suna kallon manya, manya suna kallon ƙasa.

Na daɗe ina ɗaukar halin Kawu a matsayin tsantseni. Sai da na buɗe ɗan gidan burodina, da ma'aikata tara, na wayi gari ni ke auna fulawa, ni ke ƙirga burodi a kan babur, ni ke karɓar ciniki da dare, sannan na fahimci abin da ya ɗaure shi. Tsoro biyu ne. In na miƙa makulli, kada in zama mai sakaci da dukiyar da Allah Ya ba ni. In kuma na miƙa na ce a rubuta komai, in riƙa dubawa, kada in zama mai munana zato ga ɗan'uwana Musulmi. Tunda zato zunubi ne, sakaci kuma asara, sai mutum ya zaɓi ya yi komai da hannunsa, ya kira wannan riƙon amana.

Ni dai na bincika, ban ga inda addini ya goyi bayan wannan zaɓi ba. Arzikin gidan Annabi (SAW) na farko ta hanyar wakilci ya zo. Nana Khadija ba ta bi ayari zuwa Sham ba, dukiyarta ta damƙa wa Annabi, wanda ta yarda da gaskiyarsa, ta haɗa shi da yaronta Maisara. A cikin Bukhari akwai labarin Urwatul Bariƙi, wanda Annabi ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya. Ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinarin, aka yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai a nan shi ne, wakilin ya yi amfani da hankalinsa, kuma ba a tsawata masa ba. Yaran Kawu ko ragin naira ɗari ba su da ikon yi.

Batun dubawa kuwa, a nan ne muka fi kuskure. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, mutanen da babu mai kai su amana. Annabi ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya zaunar da shi aka yi lissafi, har ya hana shi riƙe abin da ya ce kyauta aka ba shi. Ke nan rubutu da lissafi ba su da alaƙa da zargi. Mutum yana mantuwa, yana rashin lafiya, yana mutuwa, shaiɗan kuma ya fi samun ƙofa a inda babu mai tambaya. Yaron da ka bar wa durowar kuɗi shekara guda ba ka taɓa ƙirgawa ba, jarrabawa ka ɗora masa wadda kai kanka ba lalle ka ci ta ba. Littafin ciniki kariya ne gare shi kafin ya zama kariya gare ka, don ranar da kuɗi suka yi gibi, shi ne zai wanke shi.

Malamanmu na Malikiyya sun tsara wannan tun da daɗewa a babin ƙiradi: mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya, a raba riba bisa kason da aka yanka tun farko, rabi ko sulusi. In an yi asara ba da sakacin mai aiki ba, a kan uwar kuɗi take faɗawa, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Duk ɗalibin da ya sauke Risala a zaure ya wuce ta wannan babi. Mun karanta, mun bar shi a zauren.

Kakanninmu fatake ba su bar shi a can ba. Ayarin goro zuwa Gwanja yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, yana da uban dawaki, yana da malamin ayari mai riƙe rubutu. A masauki kuma akwai fatoma da dillalansa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a Kano a 1955, daga fataucin goro ya fara, kuma lokacin da kasuwar gyaɗa ta buɗe bayan isowar jirgin ƙasa Kano, da wakilai ya riƙa saye a garuruwa da ƙauyuka, yana ba su kuɗi su tara masa kaya. Da ya ce sai gyaɗar da ya auna da hannunsa, da ba a san sunan gidan ba a yau.

Abin da na yi a gidan burodina ba shi da yawa. Na rubuta awon fulawa da sukari da yis na kowane kwaɓi na manna a bango, don kada ɗanɗanon burodi ya dogara da kasancewata. Na raba mai karɓar kuɗi da mai rubuta abin da ya fita. Na ba babban yarona makulli, na faɗa masa iyakar bashin da zai iya bayarwa ba tare da ya kira ni ba, na kuma yanka masa kaso a riba bayan albashinsa. Duk ranar Asabar muna zama mu haɗa littafi da abin da ya shiga asusun banki. Ranar farko na ga fuskarsa ta canza, sai na buɗe shafin da na rubuta kuɗin da ni kaina na ɗiba na kai cefanen gida, na ce ya duba nawa kafin in duba nasa.

An cuce ni sau ɗaya, ba zan ɓoye ba. Wani mai kai burodi ya yi makonni yana karɓar kuɗin masu shayi yana cewa ba su biya ba. Littafin ne ya tona shi kafin ɓarnar ta yi nisa, kuma littafin ne ya hana ni zargin sauran takwas. Da a zamanin Kawu ne, da duka tara sun zama abin tuhuma.

Na kan tuna balaraben da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Kawu ya ɗaure tasa, amma a ƙugunsa ya ɗaure igiyar, kamar shi ba zai taɓa faɗuwa ba. Ina ƙaunarsa, ina masa addu'a kullum, amma na yi imani dogaronsa a wannan fanni ya karkata ga lafiyarsa da ƙwaƙwalwarsa, alhali duka biyun aro ne. Dukiyar da ke shagon kuma akwai haƙƙin magada a cikinta, da na masu binsa bashi, da na yaran da suka ba shi ƙuruciyarsu suna jiran ranar da zai sallame su da jari.

Ɗan'uwa mai shago, a Kwari kake ko Singa ko Kurmi, ka sayi littafi a makon nan. Ka rubuta wanda kake bi da wanda ke binka, ka nuna wa mutum biyu inda ka ajiye shi, sannan ka zaɓi yaro ɗaya ka ba shi makulli ranar Juma'a ka tafi masallaci da wuri.