Lauya Mai Gyangyaɗi

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuci. Shin in an zaunar da lauya kusa da wanda ake tuhuma, shi ke nan an ba shi haƙƙinsa?

A 1984 wata kotu a Jihar Teksas ta Amurka ta yanke wa wani mutum, Calvin Burdine, hukuncin kisa bisa laifin kisan kai. Da yake ba shi da hali, kotun ce ta naɗa masa lauya. Daga baya magatakardar kotun da waɗansu masu taya alƙali yanke hukunci suka shaida cewa lauyan nan ya yi ta gyangyaɗi ana tsakiyar shari'a. Abin mamaki, a 2000 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka ce ai ba a tabbatar barcin ya faɗo daidai wuri mai muhimmanci ba! Sai a 2001 cikakken zaman kotun ya ce a sake shari'a. A 2003 Burdine ya amsa laifinsa, aka yi masa ɗaurin rai da rai.

To, na san mai karatu zai ce, ka ji, ashe ma mai laifi ne, ina abin ɓacin rai? Ni kuwa a nan na fi tsayawa. Ran da aka fara shari'ar, ba wanda ke da ikon cewa ya san gaskiya. Nemanta aka zo yi. Kotun da ta saurari baki ɗaya, ko ta dace, katari ta yi. Kuma ba mu da mizanin ware mai laifi tun kafin shari'a, balle mu ce ga wanda ya cancanci lauya mai barci. In mun yarda da shi ga Burdine, mun yarda da shi ga wanda aka yi wa ƙazafi. Ina ma ganin gara kujerar lauya ta zauna wayam, don kowa ya ga zaluncin ƙuru-ƙuru.

Mu ma nan gida, sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa da lauyan da ya zaɓa, alhali kuwa zaɓi sai mai abin hannu. Tun 1976 aka kafa hukumar ba talaka agajin lauya. Amma lauyan da bai ga takardun ƙara ba sai da safiyar ranar shari'a, bai kuwa taɓa ziyartar mutuminsa a kurkuku ba, ban ga abin da ya raba shi da na Teksas ba, illa idonsa a buɗe yake.